Tarihin Sydney Camm: Kafintan da ya ƙera jirgin yaƙi mai tashi tsaye

An haifi Sydney Camm ranar 5 ga watan Agustan 1893 a garin Windsor na ƙasar Ingila. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya goma sha biyu na wani kafinta.

Bai yi zurfi a karatun boko ba. A shekarar 1908 ya bar makaranta ya shiga koyon sana'ar mahaifinsa, yana kuma haɗa ƙananan jiragen sama na wasa da katako tare da abokansa.

A 1914 ya samu aikin kafinta a kamfanin ƙera jirage na Martinsyde, domin a wancan zamani da katako da yadi ake yin jirgin sama. Ba a jima ba aka mayar da shi ofishin masu zane. A 1923 ya koma kamfanin Hawker, kuma bayan shekara biyu ya zama babban mai zayyana jiragen kamfanin, muƙamin da ya shafe shekaru da dama a kansa.

Hurricane ya ratsa ta Kano

Jirgin da ya fito da sunansa shi ne Hurricane, wanda ya fara tashi a 1935, aka kuma ƙera fiye da dubu 14. Lokacin da Jamus ta yi wa Birtaniya luguden wuta ta sama a 1940, wannan jirgi ne ya kakkaɓo mafi yawan jiragen Jamusawa, ko da yake Spitfire ne ya kwashe yabon.

Mutanen arewacin Najeriya ma sun ga aikinsa da idonsu. Tun daga 1940 ana sauke jiragen Hurricane cikin akwatuna a tashar ruwa ta Takoradi da ke Ghana ta yanzu, a harhaɗa su, sannan su tashi ta Legas da Kano da Maiduguri, su ratsa Sudan zuwa fagen daga a Masar.

A 1953 Sarauniyar Ingila ta ba shi sarautar Sir, shekarar da jirginsa Hunter ya kafa tarihin gudu a duniya.

Jirgin da bai buƙatar titi

Sai dai a 1957 al'amura suka sauya. Gwamnatin Birtaniya ta bayyana cewa makamai masu linzami ne za su maye gurbin jiragen yaƙi masu matuƙa. Sabon jirgin da Hawker ke aiki a kansa ya rasa mai saye, makomar masu zanen kamfanin ta shiga halin rashin tabbas.

A daidai lokacin ƙungiyar tsaro ta NATO na da wata damuwa. Jirgin yaƙi na zamani sai da dogon titi yake tashi, kuma in yaƙi ya ɓarke da Tarayyar Sobiyet, filayen jirage za a fara ragargazawa. Ana son jirgin da zai tashi daga fili ko gona kamar mai saukar ungulu, amma ya yi gudun jirgin yaƙi.

Wasu sun riga sun gwada. Jirgin gwaji na Short SC.1 inji biyar gare shi: huɗu na ɗagawa sama, ɗaya na tafiya gaba. Da zarar ya daidaita a sama, huɗun nan sun zama kaya kawai.

Dabarar da ta warware matsalar ba ta Camm ba ce. Wani Bafaranshe, Michel Wibault, shi ya fara kawo shawarar inji ɗaya wanda za a riƙa juya iskarsa. Injiniyoyin kamfanin Bristol suka inganta ta har aka samu injin Pegasus mai bututu huɗu. In aka karkata su ƙasa jirgi ya ɗaga tsaye, in aka juya su baya ya yi gaba.

Shi kansa Camm da farko bai gamsu ba. Mutum ne mai kaifin harshe da wuyar yabo, kuma jirgi mai gudu ya fi ba shi sha'awa. Wani matashin injiniya a ofishinsa, Ralph Hooper, shi ya yi mafi yawan zanen jirgin da aka kira P.1127. Abin da Camm ya kawo shi ne girmansa: ya bar aikin ya ci gaba da kuɗin kamfani, tun gwamnati ba ta yi alkawarin sayen ko ɗaya ba.

Gwaji da igiya

Ranar 21 ga Oktoban 1960, a filin Dunsfold, aka ɗaure jirgin da igiyoyi aka tayar da injin. Ƙarfinsa da ƙyar ya rinjayi nauyin jirgin, don haka aka cire duk abin da za a iya cirewa, har da rediyo, aka zuba man da bai wuce na 'yan mintoci ba. Matuƙin, Bill Bedford, ya hau ne da ɗaurin karaya a ƙafa sakamakon haɗarin mota.

Wahalar ita ce jirgin da ke tsaye cak a sama fukafukansa ba su da amfani. Sai da ƙananan kafofin iska a hanci da wutsiya da bakin fukafukai matuƙi ke hana shi kifewa.

Bayan wata guda aka kwance igiyoyin. A watan Satumban 1961 jirgin ya tashi tsaye, ya miƙe gaba, ya dawo ya sauka tsaye.

Ba a rasa asara ba. A Disamban 1961 bututu ɗaya ya ɓalle daga jirgi na biyu, Bedford ya tsira da lema, jirgin ya tarwatse. A Fabrairun 1963 ya sauka lafiya a kan jirgin ruwan yaƙi na Ark Royal, amma a watan Yuni na farkon ya faɗo ƙasa a gaban 'yan kallo wajen baje kolin jirage na Paris. Nan ma matuƙin ya fito da ƙafarsa.

Daga nan aka ƙera guda tara da aka inganta, aka sa musu suna Kestrel, matuƙan Birtaniya da Amurka da Jamus ta Yamma suka gwada su tare. A farkon 1965 gwamnati ta soke babban samfurin da aka tsara zai fi sauti gudu, ta amince da ƙaramin, wanda ya zama Harrier.

Camm bai ga tashinsa ba. Ya rasu ranar 12 ga Maris na 1966 a filin wasan golf da ke Richmond, yana da shekara 72. Harrier ya fara tashi a watan Agustan shekarar, ya shiga aikin soja a 1969, samfurinsa na sojan ruwa kuma ya taka rawa a yaƙin tsibiran Falkland na 1982. Birtaniya ta daina amfani da shi a 2010.

Jirgin farko, wanda aka ɗaure da igiya a Dunsfold, an gyara shi bayan haɗarin Paris, daga bisani aka ajiye shi a gidan adana kayan kimiyya na London.