Dokta Philip Hench, Likitan da Ya Fara Gwada Kotizon

An haifi Philip Hench a birnin Pittsburgh na Amurka a shekarar 1896, da tsagaggiyar ganda wadda ta sa magana ke yi masa wuya. Duk da haka ya zama likita a 1920, ya kuma shugabanci sashen ciwon gaɓɓai a asibitin Mayo tun daga 1926.

A 1929 ya lura da wani abu. Mai ciwon gaɓɓai ya kamu da shawara, sai gaɓoɓinsa suka saki. Ya ga haka nan ga mata masu ciki. Sai ya yi tunanin jiki da kansa yana da sinadarin kwantar da kumburi. Shekara 19 yana nema. Abokin aikinsa Edward Kendall ya tace wani sinadari daga ƙullutun da ke bisa ƙoda, wanda daga baya aka kira kotizon. Ranar 21 ga Satumba 1948 aka yi wa wata mace mai shekara 29 allurarsa, cikin 'yan kwanaki ta tashi tana tafiya. A 1950 aka ba Hench da Kendall da Tadeus Reichstein kyautar Nobel.

Amma Hench bai yarda a kira shi waraka ba, kuma yana da gaskiya. Kotizon yana danne garkuwar jiki ne don kumburi ya sauka, ba ya kawar da tushen cutar. Da aka daina allurar, ciwon ya dawo. Waɗanda suka daɗe a kai kuwa fuskarsu ta kumbura, jini ya hau, wasu hankalinsu ya rikice. Danginsa na yau, irin su prednisolone da dexamethasone, suna ceton masu asma, amma in an daɗe ana sha sukan jawo ciwon sukari da raunin ƙashi. Su ne 'yan matanmu ke saya a kemis don su yi ƙiba, abin tausayi! Wanda ya yi makonni yana sha kada ya tsaya farat ɗaya, gama ƙullutun ƙodarsa ya rage aiki. Likita ne zai janye masa a hankali.

Hench ya rasu a Jamaika a watan Maris 1965, sanadiyyar ciwon huhu.