Marigayi Alhaji Falke Barmu, Maginin Yama

'Yan uwa na gida da na ci-rani, a wannan fitowa mun kawo muku tarihin marigayi Alhaji Falke Barmu, mutumin Yama ta ƙasar Illela. Manomi ne, magini kuma.

A shekara ta 1962 dattawan Yama sunka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, sunka danƙa aikin a hannunshi. Gayya anka yi. Wasu na buga tubali, wasu na jan ruwa, wasu na neman itace, kowane gida da abin da ya iya. Ginin farko ba shi da wani ado: ɗaki mai kusurwa huɗu, ginshiƙai jere a ciki, rufi shimfiɗe bisa itace.

A 1975 rufin ya buƙaci gyara, to nan ne gwanintarshi ta fito. Maimakon ya maida shi yadda yake, sai ya ɗaure sanduna dami-dami, ya lanƙwasa su daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, ya lulluɓe da laka sunka zama baka, ya aza rufi bisansu, ya tada tulluwa a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 ya ƙara hasumiya huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, ba wadda ta yi kama da 'yar uwarta. A ganinmu ko a birni ba a cika samun irinsu ba. Shekara ashirin ke nan yana kan masallaci guda.

A 1986 masallacin ya samu kyautar gini ta Aga Khan, wadda anka bayar a Marakish ta ƙasar Maroko. Cikin ayyukan da sunka samu kyautar a wannan karo har da gyaran Masallacin Ƙudus. Ku duba, laka da kara na Adar a jeri ɗaya da Ƙudus!

Tsohon masallacin Dandaji ma aikinshi ne. Da ya fara lalacewa ba a rushe shi ba, an gyara shi a 2018 ya zama ɗakin karatu.

Mun san kuɗin da kuke aikowa daga Abijan da Ikko yawanci simintin Malbaza da kwano suke saye. Ginin laka kuwa yaɓe yake so bayan damina, kuma masu ƙarfin yaɓen suna can wurinku. Allah ya jiƙan Alhaji Falke, ya sa ya huta.