Rachel Carson, Matar Da Ta Kai Ilmin Kimiyya Kunnen Talaka

Yau zan ba ku tarihin wata Ba'amurkiya, Rachel Carson, wadda ta ɗauko ilmin kimiyya daga hannun masana ta kai shi inda kowa zai ji ya gane.

An haife ta cikin shekarar 1907 a jihar Pensilbaniya, iyayenta kuwa ba masu hali ba ne. Ta karanta ilmin dabbobi har ta sami digiri na biyu a 1932. Da mahaifinta ya rasu a 1935 sai nauyin gida ya hau kanta, ta kama aiki a ma'aikatar kifi ta gwamnati. Aikin da aka fara ba ta shi ne rubuta shirin rediyo na minti bakwai-bakwai a kan kifaye. A nan ta ƙware wajen faɗin abu mai wuya da magana mai sauƙi. A 1951 ta fitar da littafi a kan teku, ya sami karɓuwa ƙwarai.

A wancan zamani ana fesa maganin ƙwari mai suna DDT a gonakin Amurka, har da jirgin sama. Maganin ba ya saurin lalacewa, sai ya zauna cikin ƙasa da ruwa, ya shiga jikin tsutsa da kifi, sa'an nan ya taru cikin kitsen tsuntsayen da suka ci su. Masana sun san haka, amma suna rubutawa ne a mujallun da su kaɗai ke karantawa.

Rachel ta yi wajen shekara huɗu tana tara hujjoji. A 1962 mujallar New Yorker ta buga bayaninta kashi uku, daga baya ya fito a littafi mai suna Silent Spring, wato bazarar da ba a jin kukan tsuntsu. Kamfanonin magani suka yi mata ca, wasu har suna goranta mata zamanta mace. A 1963 ta fito a talabijin ta yi bayani a natse, miliyoyin mutane suna kallo, alhali tana fama da ciwon dajin nono, ta kuwa ɓoye shi. Ba ta nemi a daina maganin ƙwari gaba ɗaya ba, fatanta dai a san illarsa kafin a fesa. A wannan shekara kwamitin masana na Shugaba Kennedy ya goyi bayanta.

Ta rasu a watan Afrilu 1964 tana da shekara 56. A 1972 Amurka ta hana fesa DDT a gonaki.

To 'yan'uwa, kafin mu zuba magani a buhun wake ko mu fesa a ɗaki, mu karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwani. Ku kuma 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku mata, ku fassara musu da Hausa. Allah ya kiyaye mu.