Tanimun Ɗan Sulaiman: Sarkin Damagaram da ya ƙera igwa a Zinder

Kusan shekara 50 kafin sojojin Faransa su iso Zinder, an yi wani sarki a garin da maƙeransa ke zuba igwa, masu sana'a kuma na haɗa masa albarushi a gida. Shi ne Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ake ɗauka a matsayin sarki mafi ƙarfi da Damagaram ta taɓa yi.

Mahaifinsa, Sarki Sulaiman, shi ne ya mayar da fadar masarautar zuwa Zinder a farkon ƙarni na 19. A lokacin Damagaram na biyan haraji ga Borno. Tanimun ya daɗe yana takaddamar sarauta da ɗan'uwansa Ibrahim. Ya hau gadon mulki a 1841, ya rasa shi bayan shekara biyu, sannan ya dawo wajen 1851 ya zauna daram har rasuwarsa a 1884.

Da ya samu natsuwa sai ya kewaye Birni da ganuwa, ya kuma mayar da hankali kan makamai. Zinder na kan hanyar ayarin da ke tasowa daga Tarabulus ta Ghat da Agadas zuwa Kano, don haka bindigogi na shigo masa ta hannun fatake. Sai dai ya san makamin saye yana da iyaka: ranar da hanya ta toshe ko albarushi ya ƙare, bindiga ta zama sanda. Wannan ya sa ya tara maƙera a kusa da fada.

Sukan narka tagulla su zuba bututun igwa, su ƙera harsasanta da abin ɗora ta. Albarushi kuwa haɗi ne na gawayi da farar wuta da wani gishiri da ake tacewa daga ƙasa. Bindigogin zamanin ta baki ake ɗura su: a zuba albarushi, a tura harsashi, a danna da sanda, sannan a harba. Aiki ne mai cin lokaci da haɗari, domin idan awo ya wuce kima ko zubin ya yi rauni, bututun na iya fashewa a kan mai harbi. Ƙiyasin da masana tarihi suka fi ambata shi ne sarkin ya mallaki bindigogi kusan 6,000 da igwa 40.

Da wannan ƙarfi ya faɗaɗa ƙasarsa, ya mamaye Muniyo, ya kuma riƙa yi wa Shehu Umar na Borno taurin kai. Bajamushen nan Gustav Nachtigal, wanda ya zauna a Kukawa a farkon shekarun 1870, ya rubuta yadda lamarin Tanimun ya dami fadar Shehu.

Sai dai ɗaukakar ta zo da ɗaci ga talakawa. Kamen bayi na cikin ginshiƙan arzikin masarautar. An tura wasu hamada an sayar, wasu kuma aka sa su noma da aikin soja.

Bayan rasuwarsa, Sarki Ahmadu Kuran Daga ya gaji wannan runduna har ya kai wa Kano yaƙi a zamanin Sarki Alu. Amma a watan Yulin 1899 dakarun Faransa, masu bindigogin zamani da ake ɗurawa ta baya, suka rinjayi mayaƙan Damagaram a Tirmini suka shiga Zinder. Fasahar Turai ta riga ta yi wa igwar tagulla nisa.

Masanin tarihin Nijar André Salifou ya wallafa littafi kan Damagaram a 1971, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo mai ɗauke da sunan sarkin. Har yau fadar Sarkin Damagaram na nan a unguwar Birni, kuma ana iya ganin ragowar ganuwar Tanimun a wasu sassanta.