Louis Braille, ɗan baduku da ya yi wa makafi rubutu

Ƴan uwa ɗalibai da iyayenmu, duk wanda ya taɓa ganin makaho yana shafa takarda da yatsa yana karatu, to ya ga aikin wani yaro ɗan shekara 15 da aka haifa a Faransa fiye da shekara 200 da suka wuce. Sunansa Louis Braille, kuma da sunansa ake kiran wannan rubutu har yau. Ga tarihinsa a taƙaice.

An haife shi ran 4 ga Janairu 1809 a wani ƙauye mai suna Coupvray, gabas da birnin Paris. Shi ne auta cikin ƴaƴa huɗu. Mahaifinsa baduku ne, yana ɗinka sirdi da linzami da sauran kayan doki. Wata rana, yana ɗan shekara 3, ya shiga rumfar aikin babansa, ya ɗauki wani ƙarfe mai tsini irin basillar dukawa yana son ya huda fata kamar yadda ya ga ana yi. Ƙarfen ya kuɓuce ya soke shi a ido. Ciwon ya ruɓe, ya kama ɗaya idon, ga shi a zamanin babu maganin irin wannan ciwo. Kafin ya cika shekara 5 ya makance ɗungurungum.

A lokacin, makaho ɗan talaka a Faransa bara ce ke jiransa. Amma iyayen Louis ba su ajiye shi a ɗaki ba. Sun bar shi yana yawo a gari da sandarsa, daga baya kuma aka sa shi lakwal ɗin ƙauyen tare da yara masu gani. Da kunne yake ɗaukar darasi, ya riƙe a ka. Da aka ga irin kaifin basirarsa, sai aka nema masa gurbi a makarantar yara makafi ta Paris, wadda wani mutum mai suna Valentin Haüy ya kafa. A 1819, yana da shekara 10, ya bar gida ya tafi can.

Makarantar tana da littattafai, amma wane iri? Haruffan boko ne manya-manya aka danna wa takarda mai kauri har suka kumburo, yaro ya bi kowane harafi da yatsa. Littafi ɗaya nauyi gare shi, ga tsada, shi ya sa ba su da yawa. Karatun ma tafiyar hawainiya ce: kafin ka kai ƙarshen jimla ka manta farkonta. Babbar matsalar kuwa, yaro ba shi iya rubuta komai da wannan hanya. Sai dai ya karanta abin da masu gani suka buga masa.

A nan Louis ya koyi kiɗa, kuma ya gwanance. Ya iya wata babbar goge ta Turawa da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi, ya kuma iya ogan, wato babban abin kiɗa mai bututu da ake bugawa a coci. Sai ku lura da wani abu: su Turawa rubuta kiɗansu suke yi a takarda, kowane sauti da alamarsa. Mai gani ya duba takarda ya buga. Makaho kuwa sai ya jira wani ya buga masa sau da yawa har ya haddace. In ya ƙirƙiro nasa kiɗan, ba shi da inda zai ajiye shi sai kansa.

A 1821 wata sabuwar dabara ta iso makarantar. Wani tsohon hafsan soja mai suna Charles Barbier ya ƙago rubutu na ɗige-ɗige masu tudu maimakon haruffa. Yaran suka ji ɗigo ya fi harafi sauƙin ganewa a yatsa, ga shi kuma su da kansu suna iya huda shi. Sai dai alama ɗaya tana iya kai ɗigo 12, ta fi ƙarfin kan yatsa, dole sai an yi sama an yi ƙasa kafin a gane ta. Louis ya ɗauki wannan dabara ya yi ta juya ta, yana huda takarda yana gwadawa da abokansa. A 1824 ya kammala tsarinsa.

Ga yadda yake. Kowane gida yana da gurbin ɗigo 6 kacal, uku a hagu uku a dama, daidai faɗin kan yatsa. Idan aka sassauya waɗanda aka huda da waɗanda aka bari, ana samun alamomi 63. Sun ishi haruffa da lambobi da alamomin tsayawa. Ana sa takarda cikin wani ɗan allo mai ramuka, a huda ta baya da tsinke, daga dama zuwa hagu kamar rubutun Larabci, sannan a juya takardar a karanta daga hagu zuwa dama. Abin mamaki, tsinken rubutun ɗan uwan ƙarfen nan ne da ya raba shi da idonsa.

Bai manta da kiɗa ba. Littafin da ya fitar a 1829 ya haɗa hanyar rubuta kalmomi da ta rubuta kiɗa, ya kuma sake gyara shi a 1837. A tsarin kiɗan da ake amfani da shi, ɗigo huɗu na sama suna nuna wane sauti ne, biyu na ƙasa suna nuna tsawon lokacin da za a riƙe shi. Da wannan makaho ya samu damar koyon kiɗa shi kaɗai, ya rubuta nasa, ya kuma koyar da wani. Shi kansa Louis ya zama malami a makarantar, yana koyar da tarihi da lissafi da kiɗa, yana kuma buga ogan a coci-coci na Paris.

To amma abin bai tafi sumul ba. Shugaban makarantar na wancan lokaci, Pignier, ya goya masa baya. A 1840 aka canza shi da wani mai suna Dufau, shi kuwa ya hana amfani da rubutun. Wasu malamai masu gani suna ganin makaho ya kamata ya yi karatu da haruffan da kowa ya sani, kada ya ware da nasa. Yaran ba su daina ba, suka ci gaba da hude-hudensu a ɓoye, domin su suka san abin da ya fi yi musu amfani. A 1844, wajen bikin buɗe sabon ginin makarantar, aka gwada rubutun a gaban jama'a, mutane suka gani da idonsu yana aiki.

Louis ya daɗe yana fama da tarin fuka. Ya rasu ran 6 ga Janairu 1852, kwana biyu bayan ya cika shekara 43. Sai a 1854, shekara biyu bayan rasuwarsa, aka amince da rubutunsa a hukumance. A 1878 wani taro da aka yi a Paris ya zaɓe shi ya zama rubutun makafi na ƙasashe. A 1952 aka mayar da gawarsa Panthéon, inda Faransa ke binne manyan mutanenta, amma aka bar ƙasusuwan hannuwansa a ƙauyensu. Yanzu kowace 4 ga Janairu ita ce ranar wannan rubutu ta duniya.

Ɗigo shidan nan sun wuce Faransanci tuni. An daidaita su da harsuna masu yawa, har da Larabci, kuma yau akwai Alƙur'ani cikakke da aka buga da su, makaho ya karanta da hannunsa ba sai an biya masa ba.

Mu a nan mun san makafi da kaifin hadda da daɗin murya, kowa ya shaida. Amma sau nawa muka tambayi kanmu, yaron nan da ɗan jagora ke ja a kasuwa, wa ya taɓa gwada shi da karatu? Louis Braille ya kai inda ya kai ne saboda iyayensa ba su ɓoye shi ba, kuma malamin ƙauyensu ya ba shi wurin zama a aji. In akwai yaro makaho a gidanku ko a unguwarku, ku yi wa iyayensa maganar makaranta, ku taya su tambayar inda ake koyar da wannan rubutu. Mu kuma ɗalibai, in ya zo, mu matsa mu ba shi wuri a tabarma.