Tafawa Ɓalewa da Bam ɗin Faransa a Hamada

Malam Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in tuna wa 'yan'uwana manoma da 'yan tireda marigayi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda hotonsa ke jikin naira biyar, kuɗin da yau ko alawa ba ya saye. Da yawanmu na cewa tarurrukan da shugabanni ke zuwa ƙasashen waje yawon shan iska ne, ba ruwan talaka. To, a duba tarihin wannan bawan Allah.

An haife shi a ƙasar Bauci a 1912, amma mu ma muna da rabo a cikinsa, don a Kwalejin Katsina ya yi karatu daga 1928 zuwa 1933. Ya koyar a Midil ta Bauci, ya shiga siyasa, ya zama Firayim Minista a 1957. Ran 7 ga Oktoba 1960, mako guda bai cika ba da samun mulkin kai, ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya, Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a cikinta. Lamarin Afirka ya sa a gaba, har ya tura sojojinmu kwantar da rikicin Kwango.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar bam. A 1960 sau uku Faransa na gwada bam ɗin nukiliya a hamadar Aljeriya. Jama'a, ƙurar hunturun nan da ke sauka a rijiyoyinmu da rumbunanmu na Kurfi da Dutsin-Ma, ai daga Sahara iska ke kwaso ta. An yi ta kuka, Faransa ta toshe kunne. A Janairun 1961 sai gwamnatinsa ta kori jakadan Faransa daga Ikko, ta hana jiragensu na sama da na ruwa shigowa. Mutumin da ake cewa ya cika sanyi ke nan fa! Bayan 'yan watanni aka ɗage hanin jiragen, saboda Nijar da Cadi ta tashoshinmu kayansu ke bi, kuma bai ga dalilin a cuci maƙwabci don laifin wani ba.

A wannan shekara, a taron ƙasashe renon Ingila a Landan, yana cikin waɗanda suka matsa wa Afirka ta Kudu kan wariyar launin fata har ta fice. A 1963 a Adis Ababa, da aka zo kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, Nkuruma na Gana ya so gwamnati ɗaya nan take. Shi kuwa ya tsaya kan a bi a hankali, kowa ya girmama iyakar ɗan'uwansa, kuma hanyarsu aka bi.

Ban ce bai da nasa ba. Ya yi wa Ingila sassauci, kamar yarjejeniyar tsaron da sai da ɗalibai suka yi bore aka soke ta a 1962. Da rikicin Rodeshiya ya taso, ya ƙi yanke hulɗa da Ingila, ya gwammace ya kira taro a Ikko a Janairun 1966. Kwana uku da watsewar taron, ran 15 ga wata, sojoji suka ɗauke shi suka kashe. A Bauci aka binne shi. Allah Ya jiƙansa, amin.

Naku,
Wani manomi, Kurfi, Jihar Katsina.