George Washington Carver: Ɗan Bayi Da Ya Ɗaga Darajar Gyaɗa

An haifi George Washington Carver cikin bauta a Jihar Missouri ta ƙasar Amurka wajen shekarar 1864. Yana jariri aka sace shi tare da mahaifiyarsa. Shi an samo shi, ita kuwa ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Wata kwaleji ta ƙi karɓarsa don shi baƙar fata ne, amma bai karaya ba, sai da ya yi digirin aikin gona a Iowa. Cikin 1896 ya kama koyarwa a Tuskegee, inda ya tarar auduga ta tsotse gonakin talakawa. Ya nuna musu shuka gyaɗa da dankali, ya kuma fito da hanyoyi wajen 300 na sarrafa gyaɗa, har da fenti da roba. Wannan aiki ya haɗa shi abota da Henry Ford, wanda a 1941 ya nuna mota mai jikin roba da aka haɗa da amfanin gona.

Carver ya rasu ran 5 ga Janairu, 1943. Yau masana sun koma neman roba daga tsirrai maimakon man fetur, tsirran da ya busar kuwa, wasu na ajiye a New York, an sa hotunansu a intanet.